Jirgin da Aka Ajiye wa Tulu

Dalilin da ya sa tsohon kan jirgin ƙasan nan da ke girke a bayan tashar Marken Jatau yake da goyo biyu, alhali 'yan'uwansa da ake gani a hoto ɗaya-ɗaya gare su, a bakin Shekarau yaran garin suka ji shi, a makon da ya dawo gida.

Shekara tara ya yi ba ya nan. Ya tarar an shimfiɗa kwalta daga bakin kasuwa har maƙabarta. An kafa dogon ƙarfen waya a tsohuwar masussuka. Marken da garin ya ci sunansa ya faɗi, an faskare shi. Abokansa duk sun ajiye tumbi da gemu, wanda suke kira Ɓera a da yanzu Alhaji ake ce masa. Mahaifiyarsa ta ƙanƙance, har sai da ya durƙusa sosai kafin hannunta ya kai kansa. An rufe bakin tsohuwar rijiya da siminti, mata na jera bokitai a famfo mai aiki da hasken rana. Tasha kuwa iska ta kwashe rabin kwanonta, awaki ke ƙailula a ɗakin yankan tikiti.

Kwana huɗu kacal ya yi ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Da hantsi ya bi layin dogo yana shurin tsakuwa, sai ya iske 'ya'yan yayarsa da na maƙwabta sun ɗare kan tsohon jirgin suna musu. Wasu na cewa tarago na biyun ɗakin barcin direba ne, wasu na cewa kurkukun waɗanda ba su yanki tikiti ba ne. Ladidi, babbarsu, ta hango shi ta ce, "Kawu, kai da ka zaga duniya, raba mana gardama."

Shekarau ya ce wannan ba a yawon duniya ya samo ba, a gindin murhun kakarsa Kuluwa ya ji. Ya share tsatsar matakalar jirgin da hularsa ya zauna, yara suka sauko.

Ya ce a da can kowane kan jirgi goyo ɗaya gare shi. Goyo shi ne taragon nan da ke manne a bayansa, sama kwal, ƙasa ruwa. Kwal ya ci wuta, wuta ta tafasa ruwa a tukunya, tururi ya tura ƙafafu. Kwal na kai jirgi nesa, amma ruwa ba ya jimawa, sai ya yi ta tsayawa yana kafa kai kamar doki a bazara.

Da aka kawo layin dogo ƙasar nan, masu awo suka duba suka ga ruwan da jirgi zai sha a tashar Gulbi daidai Marken Jatau zai ƙare. Suka zo wurin mai gari Nomau neman izinin jan ruwa. Garin kuwa rijiya ɗaya gare shi, zurfinta gaba ashirin da biyu. Mai gari bai taɓa ganin jirgi ba. Ya tambaya ko shi wannan mai zuwa matafiyi ne, aka ce matafiyi ne. Ya ce ai magana ta ƙare, a garin nan ba a tambayar matafiyi sunansa sai ya sauke ƙwarya daga bakinsa. Ya faɗa a gaban jama'a cewa muddin akwai ɗigo a rijiyar Jatau, wanda ya biyo ba zai wuce da ƙishirwa ba. Shi a ransa ya ɗauka abin ba zai wuce shan raƙumi biyu ko uku ba.

Aka kafa tankin ƙarfe a kan dogayen ƙafafu. Leburori huɗu suka yi ta buga famfo tun safe har rana ta take, suka cika shi. Jirgi ya zo ya shanye kafin mutum ya gama cin malmalar tuwo ɗaya. Mai gari ya kalli tanki, ya kalli rijiya, ya ce Allah ya sa albarka, ya juya gida. Magana ta riga ta fita.

Shekara bakwai aka yi ba a ji kan kowa ba. Damina na kyau, rijiya na kawowa, jirgi na biyowa Litinin da Alhamis, mata na sayar wa fasinja fura da dafaffen ƙwai.

A lokacin Kuluwa ce uwar rijiya. Ita ke faɗin wanda zai fara jefa guga, ita ke raba faɗan layi, ita ke sanin igiyar da ta kusa tsinkewa. Bakatsina ce gaba da baya, bakinta kamar aska. Direban da ya fi biyowa kuwa Ndagi ne, wani Banufe gajere mai faɗin ƙirji, wanda aka haifa a bakin kogi, tun yana goye ƙarar ruwa ke sa shi barci. Tsakanin Katsinawa da Nufawa ai sai wasa, don haka ba su taɓa haɗuwa sun rabu lafiya ba. In jirgi ya tsaya sai ta ɗaga murya ta ce bawanta ya sauko ya gaida uwargijiyarsa. Shi kuma ya leƙo ta taga ya ce ba ya gaisawa da mutanen da ke wanka da ludayi.

A shekara ta takwas damina ta ɗauke tun gero bai gama fidda kai ba. Kafin bazara ta kankama guga ya fara fitowa rabi, daga nan kwata, daga nan sai an zura mutum ya sauka ƙasa yana kwarfa da ƙwarya. Kuluwa ta yanke wa kowane gida tulu biyu a yini. Aka daina wanki. A masallaci aka koma taimama. Amma Litinin da Alhamis leburori na nan da famfonsu, abin da rijiya ta tara su zuƙe, mata su koma gida da tuluna suna ƙara kamar ganga. Aka fara maganar da ba a taɓa yi ba tun kafa garin, wato a tashi a bar shi.

Kuluwa ta je ta sami mai gari. Ya tsufa, idonsa ya yi hazo. Ta durƙusa ta zayyana masa komai, har yawan tulun da rijiya ke bayarwa da wanda jirgi ke sha. Ya saurara har ta gama, ya ce duk ya sani, amma harshensa a ɗaure yake. In ya hana baƙo ruwa, da wane suna za a riƙa kiran garin? Gara a tashi da mutunci.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mutunci ba ya dama fura."

Ya ce, "Na sani, Kuluwa. Nemo mini hanyar da ba hani ba ce, in bi ki."

Ran Litinin ta tari Ndagi da maganar. Ta tsaya a gindin jirgi ta gaya masa rijiya ta kusa ƙafewa, jirginsa zai tashi garin. To amma shekara bakwai duk abin da ya fito daga bakinta zuwa kunnensa tsokana ne. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce rowar Katsinawa ta kai ga ruwa ke nan, shi bai taɓa jin inda ruwa ya ƙare ba sai a tatsuniya. Ta rantse masa, ya ce rantsuwar Bakatsine ai ado ce. Ya busa usur ya ja jirginsa. Ta tsaya tana kallon hayaƙi, takaici ya hana ta ko zagi.

Ran Alhamis, rana na tsakiyar ka, jirgi ya dawo daga arewa zai koma Gulbi. Leburori sun buga famfo tun asuba amma abin da ke tanki bai kai kwata ba. Jirgi ya shanye, Ndagi ya duba ma'auni ya ga ba zai kai shi ko rabin hanya ba. Tukunyar jirgi kuwa in ruwa ya yi ƙasa wuta na ci, fashewa take. Dole sai ya kwashe wutar ya zauna, har a aiko wani kan jirgin, kwana biyu ko uku. Ga tarago biyar cike da mutane, da tsofaffi da masu goyo, ƙarfe ya yi zafi kamar tanda.

Ran nan ne Ndagi ya fara taka hanyar rijiya da ƙafarsa. Mata suka dare suka ba shi wuri. Ya dafa bakin rijiya ya leƙa. Can ƙasa ya hango mutum kamar tsuntsu, a tsugune, yana jira ruwa ya tsattsafo cikin yashi ya kwarfa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya dubi Kuluwa.

Kuluwa ba ta ce na gaya maka ba. Ta ɗaure zanenta ta shiga gari, gida-gida, tana cewa kowa ta fito da tulunta na yau da abin da ke randa. Ba a ba ta da daɗin rai ba. Wata Dije ta tare ƙofar ɗakinta ta ce 'ya'yanta huɗu fa, ƙarfe za ta shayar ta bar su? Kuluwa ta ce ta ɗebar wa kowane yaro ƙwarya guda ta rufe, sauran ta kawo, don in jirgin nan ya kwana uku a nan, mutum ɗari uku ne za su zo bakin ƙofarta da ƙoƙo, kuma ta san ba za ta iya hana su ba. Dije ta yi tsaki, ta ɗauko gammo.

Mata suka yi layi daga cikin gari har tasha. Mai zuba wa jirgin wuta, wani dattijo mai furfura da ake kira Cindo, ya hau kan goyo ya shimfiɗa rawaninsa a bakin tanki don tace laka, ana miƙo masa yana juyewa. Tulu ɗari biyu da goma sha huɗu aka juye. Ndagi ya kwance taragun kaya ya bar su a tasha don jirgi ya yi sauƙi. Da ya zo zai hau, ya tsaya gaban Kuluwa yana neman kalmar godiya da Hausarsa mai kwana-kwana. Ba ta bari ya fara ba. Ta ɗauki nata tulun, wanda aka juye yanzu, ta ɗora a kan matakalar jirgi daidai ƙafarsa, ta aza gammo a bakinsa, ta juya ta tafi ko waiwaye babu.

Sai da suka yi nisa Ndagi ya nuna tulun da haɓa ya tambayi Cindo ko wannan kyauta ce ko kuwa wata sabuwar tsokana. Cindo mutumin wannan yanki ne. Ya jefa shebur biyu na kwal, ya rufe ƙofar wuta, sannan ya ce a ƙauyukan nan ba a korar baƙo. Kwana uku ana kai masa ruwa har ƙofar ɗaki. In ya zarce, ba mai ce masa uffan, sai dai wata safiya ya buɗe ƙofa ya ga tulu ba kome ciki da gammo a kai. Ma'ana ya zama ɗan gida, ya je ya ɗebo kamar kowa.

Cindo ya goge gumi ya ce, "Direba, shekara nawa muna sha a garin nan?"

Ndagi ya mai da idonsa kan layin dogo. Suka shiga Gulbi jirgi na numfashi da kyar, ruwan da ya rage a goyo bai isa wankan jariri ba.

Washegari ya je loko, inda ake gyaran kawunan jirgi, ya sami babban makaniki. A bayan loko akwai wani mataccen kan jirgi da ciyawa ta fito a ƙafafunsa, amma goyonsa lafiya lau. Ndagi ya ce shi yake so a ƙara masa, ya riƙa ɗaukar ruwansa daga Gulbi. Babban makaniki ya ce ba a taɓa yi ba, kuma nauyin zai sa a rage taragon kaya biyu a kowace tafiya. Ndagi bai yi musu ba. Ya jira aka buɗe tukunyar jirginsa za a wanke, ya kwaso lakar da ta kwanta ciki ya cika tulun Kuluwa, ya kai ya dire a gaban mutumin. Ya ce wannan ne abin da jirgi ke sha yanzu a Marken Jatau, kuma nan da mako biyu ko shi ba za a samu ba. Babban makaniki ya sa yatsa ya murza lakar. Shi bai san Kuluwa ba, amma ya san abin da laka ke yi wa tukunya. Ya ce a jawo goyon.

Aikin ya ci kwanaki, don sai da aka cire wurin zuba kwal aka mai da shi ruwa zalla, aka haɗa bututu tsakanin goyo da goyo. Litinin ta zo ta wuce jirgi bai biyo ba.

A Marken Jatau kuwa aka ce ai ga irinta nan, Banufe ya sha ya gudu. Rijiya ta koma tulu arba'in a yini. Gida biyar suka ɗaure kaya suka yi kudu. Matan da Kuluwa ta kwashe wa ruwa suka daina gaishe ta, in ta iso bakin rijiya sai hira ta mutu. Ita ma ta fara tunanin ko Banufen bai gane ba, ko ya gane ya yi fushi. Mai gari ya aika aka yi shela cewa in an sauko daga masallacin Juma'a kowa ya ɗaure kayansa, Asabar za a tashi.

Ran Alhamis da hantsi aka ji usur daga kudu. Leburori ko miƙewa ba su yi ba, don ba abin da za su buga. Jirgi ya shigo a hankali, mutane suka ga ya ƙara tsawo ta wajen wuya. Ya wuce tankin ƙarfe bai ko dube shi ba, ya je ya tsaya daidai bakin hanyar da ke shiga gari. Ndagi ya sauko, Cindo ya ɗora masa gammo a ka, ya aza masa tulu. Ya taho yana tangaɗi, hannu biyu a sama, ruwa na zuba masa a wuya, yara na binsa, har bakin rijiya inda Kuluwa ke zaune a kan kututture. Ya sauke a gabanta.

Ya ce, "Uwargijiya, ɗan gida ya ɗebo."

Kuluwa ta daɗe tana kallon tulun. Ta sa ƙoƙo ta ɗiba ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Ƙarnin kifi yake."

"Haka namu yake. In ba ki so in mayar."

"Ajiye nan. Rabi ma a hanya ka zubar. Wa ya koya maka ɗaukar tulu?"

Ya ce ba a koya masa ba, a garinsu ruwa ke zuwa wurin mutane. Ta buɗe baki za ta rama, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya masa baya.

Can bakin hanya Cindo ya kwance famfon goyo na biyu. Rabin ruwan na jirgi ne, ya kai shi gaba ba tare da ya taɓa rijiya ba, rabi na gari. Dije ce ta fara isa da tulu biyu. Aka riƙo hannun mai gari aka kawo shi. Ya shafa ƙarfen, ya ji sanyinsa, ya tara hannu ruwa ya zuba masa. Ya juyo inda yake jin muryar Kuluwa ya tambaye ta ko a duk wannan abin an hana baƙo ruwa. Ta ce ba a hana shi ba, ranka ya daɗe. Ya ce to a gaya wa mai shela ya koma ya warware.

Mako shida jirgi na shayar da gari, Litinin da Alhamis, rijiya na hutawa tana tarawa, har hadari ya haɗo daga gabas. Uku daga cikin gidajen da suka tashi suka dawo. Direbobin da ke bin sauran layukan da ruwa ke wuya ko yake da laka suka ga abin da Ndagi ya yi, kowa ya je loko yana neman nasa. Waɗanda hanyarsu ke bin koguna ba su damu ba, suka zauna da ɗaya.

Shi ya sa har yau in an ga tsohon kan jirgi da goyo biyu, to ƙasar ƙishirwa ya bi a zamaninsa, tulunsa ne yake ɗauke da shi. Shi ya sa kuma wannan bai bar Marken Jatau ba. Da jiragen da ke aiki da mai suka zo aka sallame shi, mutanen gari suka roƙa a girke shi a nan. Sau biyu 'yan gwangwan na zuwa da wutar yankan ƙarfe, sau biyu tsofaffin mata na shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsa suna tsinkar zogale har masu wutar su gaji su tafi.

Yara suka tsaya suna kallon goyon kamar yau suka fara ganinsa. Ladidi ta tambaya ina Ndagi ya ƙare. Shekarau ya ce da ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu a ƙasar Nufe, kuma duk shekara Kaka Kuluwa na aika masa ƙullin daddawa ta hannun ma'aikatan jirgi, har jirgi ya daina biyowa. Daga nan ba a sake jin labari ba. Ladidi ta ce to 'ya'yansa fa, sun san da mu? Ya ce bai sani ba. Ya miƙe yana kaɗe wando, idonsa a kan layin dogo inda ya miƙe ya yi kudu cikin ciyawa.

Bayan azahar ya leƙa madafa ya tambayi mahaifiyarsa ko akwai daddawa a gidan. Ta dube shi, ta leƙa ɗakinsa ta ga jaka a buɗe a kan tabarma, riguna uku a ninke.

Ta ce, "Ka dai sami dalili."

Bai musa ba. Ta tashi da kyar ta sauko da tukunyar daddawa daga ragaya, ta zaɓi masu kyau ta ƙulle a tsumma, ta ƙara da garin kuka ba a tambaye ta ba. Sunan ƙauyen ya ɓace mata, abin da ta riƙe kawai a bakin kogi yake, yana kallon wani tsibiri mai giginya. Shekarau ya ce wannan ya ishe shi, ya nemo wuraren da ba su kai haka alama ba. Ya danna ƙullin a gefen jaka, ya jawo takalmansa yana duba ɗinkinsu.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa. Ta ce, "In ka same su, ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce musu garin bai tashi ba."